Nomau da Ƙafar Tabawa

A ƙauyen Rafin Kanya akwai wani bawan Allah wai shi Nomau. Ba mugu ba ne, sai dai duk abin da ka faɗa masa haka zai ɗauke shi, ba ragi ba ƙari. Daga shi sai matarsa Tabawa a gidan, kuma ita ce hankalinsa.

To, ciwon suga ya fito wa Tabawa da gyambo a ƙafa, ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. A asibiti aka sa wa ciwon wani soso, aka liƙe da leda, aka jona tiyo zuwa wata 'yar na'ura mai zuƙe ruwan ciwon. Likita ya ce in wannan bai yi ba, sai dai a yanke ƙafar. Ranar nan Nomau ko tuwo bai iya ci ba.

Wata rana Malama Hansatu, mai jinyar da ke zuwa canza soson, ta ce masa, "Baba Nomau, kada ka bari iska ta shiga nan." Tana fita ya kwaɓa laka ya toshe taga, ya cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, har maficin Tabawa ya ɓoye. Da Malama ta dawo, ta tarar da matar ta jiƙe sharkaf da gumi.

"Ledar nake nufi, Baba, ba ɗakin ba."

"Ai ledar a ɗakin take," in ji Nomau.

Wata rana kuma aka ce masa kada ƙafar ta taka ƙasa. Shi ke nan, mutumin naku ya samo zane ya goya Tabawa, ya rataya na'urar a wuya. Haka ya kai ta gidan suna, gari na ta dariya. Ita kuwa ta ɓoye fuska a bayansa don kunya, amma ba ta ce ya sauke ta ba.

Wata rana Malama ta ce, "Duk abin da ya canza, komai ƙanƙantarsa, ka kawo mini ita." Washegari da hantsi sai ga Nomau a asibiti, ya turo Tabawa a amalanke, yana haki.

"Na'urar ce ta tsaya?" in ji Malama.

"Tana aikinta."

"Jini ka gani a tiyon?"

"A'a. Yau ba ta yi mini faɗa ba. Tun da muka yi aure kullum da safe sai ta yi. Yau na zubar da koko a gabanta, kallona kawai ta yi."

Masu jiran layi suka kwashe da dariya. Malama ma ta dara, amma da ta taɓa goshin Tabawa sai dariyar ta ɗauke. Zazzaɓi ne, ciwon ya fara ruwa a ƙarƙashin soson. Nan take aka buɗe, aka wanke, aka sa mata ƙarin ruwa da magani. Likita ya ce da an ƙara jinkiri, da ƙafar ta tafi.

Can da la'asar Tabawa ta buɗe ido, ta ƙare wa Nomau kallo.

"Malam, yanzu haka ka ratso gari da riga a baibai?"

Nomau ya zauna a ƙasa, ya riƙe bakin zanenta, hawaye na zuba.

"Ƙara faɗa, Tabawa," ya ce. "Ina jin ki."