A Bar wa Achiel Muzurunsa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Tallafa wa Gidajen Tsofaffi a Lokacin Annoba, gatan marasa haƙori, wanda ba mu taɓa gani ba amma kwalayensa ba sa yanke mana.

Bayan gaisuwa irin ta zamani, wato daga nesa, da takunkumi a baki, ni ce Hortense Maelfait, tsohuwar mai ɓare jatan lande. Ina zaune a gidan tsofaffin da ƙungiyar agaji ta cocinmu take riƙe da shi a gefen garin Ostend na bakin teku, a hannun Sista Lutgart. Ban zo da butulci ba, ranka ya daɗe. Godiya na kawo, sai dai tana tafe da 'yan rakiya.

Za ka tuna lokacin da annobar nan ta shigo, jami'anka sun ce duk wata dabba ta bar gidajen tsofaffi, ko a yanke tallafi. Haka aka fitar da Polleke, jan muzurun gidanmu. Daga baya rabin ma'aikatanmu suka kwanta ciwo, Sista ta roƙi ofishinka ƙarin hannu. Sai ga kwali, a ciki wata farar kyanwa mai aiki da batir, wai don ta ɗebe mana kewa. Mun gode. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Na ɗaya. Dokar ofishinka ta ce duk wanda ya shafa kyanwar, sai a goge ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a killace ta a sito kafin wani ya taɓa. Mu kuwa muna da yawa. Ni sau ɗaya layi ya zo kaina, kuma ranar batirinta ya mutu. Yanzu guga ta cinye gashin bayanta, sai warin asibiti take yi. Shin ita aka aiko ta ɗebe mana kewa, ko mu aka ba jinyarta?

Na biyu, ɓeraye. Labarin korar Polleke ya riga mu isa wurinsu. Sun ci cuku, sun ci biskit, sun ci rabin silifas ɗina na zuwa coci. Da suka gano cikin kyanwarka yana da ɗumi, sai wata ta je ta haihu a ƙarƙashinta. In jariran suka motsa, kyanwar sai ta ɗauka shafa ta ake yi, ta lumshe ido ta kama ƙugin jin daɗi kamar tsohon firji. A iya tsawon rayuwata ban taɓa ganin ma'aikaciyar gwamnati mai haƙuri da jama'a irinta ba. Ina ba da shawara a ƙara mata girma.

Na uku. Sista ta buga waya ofishinka ta kai ƙarar ɓerayen. Wani bawan Allah mai ladabi ya ce ta kashe kyanwar ta sake kunnawa. Ta yi. Ɓerayen ma sun ji daɗin hutun.

Na huɗu shi ne dalilin wasiƙar, kuma a nan dariyata take ƙarewa. Muna da wani tsohon masunci, Achiel Dewaele, ya haura shekara casa'in, ba mata, ba ɗa, ba jika. A kan ƙafafunsa Polleke yake kwana, kuma tare suke cin kifinsu, loma ɗaya tasa, ɗaya ta muzuru. Tun da aka raba su Achiel ya daina cin abinci. An ɗora masa kyanwarka a cinya, ya juya ta, ya leƙa cikinta, ya miƙa wa Sista.

"'Yar nan, kai wa makanike kayansa," in ji shi. "Ni mai numfashi nake nema."

Shi kuwa Polleke kullum sai ya zo ya hau kujerar da aka ajiye wa masu ziyara a bayan taga, ko ana ruwa. Shi da Achiel su yi ta kallon juna ta gilashi. Ɗana na cikina bai kai muzurun nan zumunci ba. Na ga wandon Achiel ya fara zame masa, kuma ba zan ɓoye maka ba, na tsorata.

To sai ga sabuwar dokarka mai albarka, cewa kowane tsoho ya zaɓi baƙo ɗaya da zai riƙa shigowa har ya rungume shi. Kowa ya faɗi nasa. Da Sista ta zo kan Achiel, taga ya nuna mata. Sista ta shiga kicin ta daɗe, ta fito ido jawur, wai albasa ce. Tsoronta kada jami'anka su ga muzuru su yanke tallafin da muke sayen man ɗumama ɗaki da shi, ga hunturu a bakin ƙofa.

Saboda haka nake roƙon alfarma, ranka ya daɗe, a karɓi Polleke a matsayin baƙon Achiel. Ba ya zuwa mashaya, ba ya hawa jirgin ƙasa, kuma yana wanke hannu fiye da duk wanda na sani.

Kafin amsarka ta iso, don na san ofis ba ya gaggawa, akwai wani abin farin ciki da ya kamata jami'anka su sani. In sun zo dubawa za su tarar kyanwarka ta canja. Ta koma ja, ta yi ƙiba, ta bar shan batir, har ɓera take kamawa. Kada su yi mamaki, kuma kada su juya ta neman makunni, tana yakushi. Ci gaban kimiyya ne, kuma yabon naka ne. Sista ta ce ita tabaraunta ya ɓata, ba ta ganin komai. Jiya Achiel ya share farantinsa har ya nemi ƙari, duk da dai rabin kifin ƙarƙashin bargo ya tafi.

Taka mai biyayya, mai durƙuso in da gwiwa za ta yarda,

Hortense Maelfait
Ɗakin da sakatar tagarsa ta lalace