Ranar da Muryar Dakta Ta Dushe

Duk faɗin Abuja, daga Zuba har Abaji, babu malamin da ya kai Dakta Al-Amin Sale son jin ta bakin ɗalibi. Wannan ba jita-jita ba ce. Daga bakinsa muka ji, kuma ba sau ɗaya ba.

A shekarun nan ne da farar hula suka dawo mulki, mai ya yi tsada, jami'o'i masu zaman kansu suka dinga tsirowa a hanyar filin jirgi kamar ciyawar damina. A ɗaya daga cikinsu Dakta yake koyar da darasin shugabanci da gudanarwa duk ranar Asabar, ga ma'aikatan gwamnati masu neman digiri na biyu don a ƙara musu matsayi. Jami'ar ta taɓa tura shi taron bita na kwana biyar a ƙasar waje. Kwana uku a kantuna ya yi su, amma biyun da ya halarta sun wadatar. Ya dawo da akwati huɗu da sabuwar aƙida: ɗalibi ne ke jan darasi, malami nasa saurare.

Allah ya sani, Dakta ya yi wa aƙidar nan hidima. Ya sa aka jera kujerun aji da'ira. Sannan ya gyara babbar riga ya fara bayani.

"Zamanin da malami zai tsaya yana zuba ya wuce! Ni a ajina ba na magana, ku ne masu magana. Haka na gaya musu can a taro, gaban farfesoshi sittin. Na ce malamin ƙwarai kunne ne kawai. Suka miƙe tsaye suna tafi. Wata baturiya har da hawaye."

Bayanin yadda ba ya magana yakan ci awa biyu da rabi. In wani ya ɗaga hannu, sai Dakta ya yi masa murmushi ya ce, "Ina jin ka," ya ɗora daga inda ya tsaya. Shi ya sa ɗalibai suka raɗa masa suna Dakta Ina-Jin-Ka. Sunan ya kai kunnensa, ya ji daɗi ƙwarai, har ya ba matarsa labari.

Su ma ɗaliban, a gaskiya, ba su matsa ba. A cikinsu akwai Mista Wakili, darakta a wata ma'aikata, mai matakin albashi na sha bakwai, kuma rabin ajin a ƙarƙashinsa suke in Litinin ta yi. Kujeru da'ira ne, amma kowa ya san matakinsa. Ba mai buɗe baki kafin darakta. In kuwa ya buɗe, sauran su ce sun goyi bayan Oga, a tashi.

Ana haka sai jami'a ta gina Cibiyar Horar da Shugabanni, aka ce ana neman wanda zai riƙe ta. Ofis mai darduma, mota da direba, suna a jikin ƙofa da harufan tagulla. Dakta ya je ya leƙa ofishin sau uku, har ya gwada kujerar ya ga tana juyawa. Ya so kujerar nan kamar ransa. Sharaɗi ɗaya ne: kwamiti na mutum uku, ƙarƙashin wata Farfesa Kubra da ba ta san wasa ba, zai shiga ajin kowane mai nema ya ga yadda ɗalibai ke jan darasi da kansu.

Dakta ba ya barin abu mai muhimmanci a hannun ɗalibai. Ya zauna ya rubuta musu tambayoyin da za su faɗo musu a rai ranar, ya raba wa kowa tasa ya haddace. Ta farko ta faɗa hannun wani Alexander: "Dakta, ta yaya ka gano wannan hanya mai ban al'ajabi?" Amsarta minti ashirin ce. Monica kaɗai, 'yar Abaji, ƙaramar ma'aikaciya mai mataki na takwas, ba ta samu takarda ba, don Dakta bai taɓa lura tana ajin ba.

Kwana huɗu ya yi yana gwajin amsoshin a ofishinsa. Ya ƙure na'urar sanyi, yana yi wa kabad jawabi yana korawa da zoɓo mai ƙanƙara. Ranar Asabar ɗin da kwamiti zai zo, da safe ya buɗe baki zai amsa gaisuwar maigadi, sai iska ta fito. Aka kawo zuma, aka kawo citta da lemon tsami, aka narka man shanu. Murya ta ce ba ta san zancen ba.

Haka ya shiga aji ba murya. Kwamiti ya zauna a gefe da takardu. Dakta ya rubuta darasin ranar a allo, wato yadda shugaba ke miƙa wa na ƙasa da shi aiki, sannan ya yi wa Alexander alama da ido. Alexander ya miƙe ya zuba tambayarsa ba gargada. Dakta ya buɗe baki, ya rufe. Ajin ya yi tsit. Mai tambaya ta biyu ba ta da ikon tashi sai an gama amsa ta farko, haka aka tsara. Minti ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi. Farfesa Kubra ta ɗaga biro, Dakta ya hango kujera mai juyawa tana yi masa nisa.

Sai Monica ta ga shirun ya yi yawa, ta ɗauka an gama da masu takarda.

"Ni dai ina da tambaya. Fayil na hutun haihuwa na ya yi wata bakwai a durowan Oga. Oga in ya tafi kwas, sai ya tafi da makulli. Yaron yanzu yana rarrafe. To wannan a darasin yau, wane suna ne za a ba shi?"

Ogan nan kuwa ba kowa ba ne, Mista Wakili ne, ga shi zaune kujera uku daga ita. Wani ya fashe da dariya ya mayar da ita tari. Wakili ya cire tabarau.

"Madam, ki tambayi dalili! Na taɓa barin makullin nan sati ɗaya, na dawo na tarar an sa hannu da sunana a takarda goma sha ɗaya. Ni aka kira gaban kwamitin bincike, ba ke ba."

Shi ke nan, aji ya ɓarke. Wannan ya ce a raba makulli biyu. Waccan ta ce a rubuta abin da mataimaki zai iya sa wa hannu da wanda ba zai iya ba. Alexander ya manta hadda, ya kawo labarin yadda shugaban 'yan lemo a kasuwar Zuba ke tafiya kwana goma ba a tsayar da mota ko ɗaya ba. Monica ta ɗauki abin rubutu ta hau allo. Mutanen da suka shekara biyu suna goyon bayan Oga, yau ga su suna katse Oga, shi kuma yana cewa, "Tsaya, tsaya, wannan maganar taka akwai gaskiya."

Dakta kuwa ransa ya gama ɓaci. Ya ɗaga hannu biyu yana nufin a yi shiru, kwamiti ya rubuta cewa yana ƙarfafa wa ɗalibai gwiwa. Ya buga tebur, suka rubuta kuzari. Ya nufi Monica zai ƙwace abin rubutun, ta ɗauka allo yake so a ƙara mata, ta ce, "Na gode, sa," ta miƙa masa abin gogewa. Da shi a hannu ya ƙare darasin, yana gumi.

Bayan sati biyu takarda ta fito. Dakta ya samu kujera. Rahoton ya ce ba a taɓa ganin malami mai kame bakinsa irinsa ba. A lokacin murya ta dawo har da riba, ya zaga jami'a ofis-ofis yana bayyana cewa da gangan ya yi, dabara ce ta manya.

Ranar buɗe cibiya ya zo da jawabi mai shafi arba'in da biyu, da ruwan ɗumi a fulas. Zaure ya cika, 'yan jarida sun kafa kyamarori. Shugaban jami'a ya miƙe ya ce, don girmama tsarin sabon darakta, ba za a wahalar da shi da magana ba, ɗaliba ce za ta yi a madadinsa. Abin magana ya bi ta gaban hancin Dakta ya sauka a hannun Monica.

Ita kuwa baiwar Allah, da zuciya ɗaya ta zo yabo.

"Muna gode wa Dakta sosai. Shekara biyu muna tare da shi, amma wallahi ranar nan da bai ce komai ba, ranar ne muka koyi abu. Allah ya ƙara masa irin wannan rana."

Zaure ya amsa da amin mai ƙarfi, aka kaure da tafi. Kyamara tana kansa, dole Dakta ya ajiye jawabin a cinya ya tafa shi ma.