Kwalabe Biyu Daga Rediyon Kawu

Da asuba na iske Barmo tsugune a rumfarsa ta gyaran rediyo a Gazawa. Ya ɗora ƙarfen dalma bisa garwashi, ya baje hanjin ampilin Jaye, akwatin ƙara wa jita sauti, a tabarma. Ni batirin motata na kawo masa aro. Shekarar fari ce, ta tamanin da huɗu, gidan Jaye har iri sun cinye. Wani attajiri a Maradi ya ce in kiɗan Jaye ya cika filin biki, buhun hatsi nasa ne. Ampilin kuwa muryar sauro gare shi. Jaye ɗan gwaggon Barmo ne, taubasai ke nan.

"Ina kwana, bawana?" in ji Jaye daga ƙofa. "Ko yunwa ta riga ni gaisuwa?"

"Lafiya lau, maroƙin banza. Ka zo ganin gawa?"

"Innalillahi! Ko mahaucin Gangara bai feɗe akuya haka."

"Akuya tana da amfani. Wanga maƙogwaronsa ne ya lalace, ƙirjinsa lafiya lau. Na yanke wayar da ke tsakaninsu, na huda masa ƙofa ta baya. Jita za ta shiga ƙaramin akwatin can mai kwalaben lantarki biyu, ta samu murya, sannan ta faɗa ƙirjin."

"Ni zan shiga Maradi da kwalabe kamar mai tallar kananzir?"

"Mai kananzir ana nemansa. Kai da ka yi wasa a Cadakori, jakunan garin ƙaura suka yi."

"Ruwa suka bi. Kai fa? Rediyon da ka gyara wa Sanda har yau Sinanci yake yi."

"Ya fi ka hankali, ya san inda shinkafa take."

Barmo ya liƙa wayar ƙarshe, ya haɗa batir. Jaye ya rataya jita, ya kaɗa. Shiru. Ya sake kaɗawa. Shiru. Ya dubi Barmo.

"Ka kashe shi, Barmo. Da ko sauro ne, yana kuka. Mi zan ce wa Rakiya da yara?"

"Ka ce mata gaggawa ta haifi nawa, kai ne ɗan. Kwalba sai ta yi zafi take magana. Kai kaɗai ke surutu da sanyin safiya."

A hankali wani jan haske ya taso cikin kwalaben. Jaye ya taɓa tsirkiya ɗaya. Kwanon rumfa ya amsa, na ji abin har cikin haƙarƙarina. Wani jaki da ƙashi kawai ya rage masa ya ɗaga kai a bakin hanya.

"Ka gani, bai gudu ba," in ji Barmo. "Aikina ne, ba naka ba."

Jaye ya waiwaya. Idonsa na kan babban rediyon da ke bisa kanta, bayansa buɗe, cikinsa wayam.

"Wancan ba rediyon marigayi Kawu ba ne? Babanka ko ƙuda bai bari ya sauka kansa."

"Shi ne. Wata uku yana cewa taimako na bisa hanya. Maƙaryata biyu sun yi mini yawa, na zaɓi mai iyali."

Jaye ya yi dariya, ya share ido da bakin riga. "Na yarda. Yau ni ne bawan." Ya ɗauki tsintsiya ya share rumfar tas, har ƙarƙashin tabarma.

Barmo ya naɗe akwatin kwalaben cikin bargonsa, ya miƙo mini. "Riƙe, Idrisa. Kada ka ba shi, hannunsa tuwo kawai ya sani."

Na mayar da batir, ni da Jaye muka tayar da mota, sai Maradi. Ta madubi na hango Barmo ya sauko da rediyon, ya mayar masa da murfin baya, yana goge shi da hularsa.