Tudun Ɗan Kwangila

Gundumarmu ƙasa ce mai tuddai. Duk wanda ya gaya maka cewa daga Kura zuwa Bunkure ƙasa a shimfiɗe take kamar faranti, to bai yi karatu ba, ko kuma ya yi irin wanda na yi. Ni kaina na je jami'a na karanci labarin ƙasa, na dawo na yi shekaru ina koya wa yara cewa saboda shimfiɗar ƙasarmu ne ruwan Tiga yake zuwa gonakinmu da ƙafarsa, ba a tura shi, ba a ja shi. Yau na janye wannan magana. Manya sun ce muna da tuddai, kuma ina da shaida, domin ranar Talatar da ta wuce na faɗo daga kan ɗaya. Da gwiwa a ɗaure nake wannan rubutu.

Na ce ɗaya, amma gaskiya shi ke nan gaba ɗaya. Sauran suna cikin jawabi.

Masana sun ce duwatsu kan ɗauki dubban shekaru kafin su tsiro. Namu da yamma ɗaya ya tsiro. Bara, gab da faɗuwar damina, aka ba wani ɗan kwangila aikin yi mana hanya daga ƙauyenmu zuwa bakin kwalta, don motocin tumatir su riƙa shigowa. Sai ga tifa bayan tifa, ɗauke da jan burji. Direban farko ya duba bai ga kowa daga ofis ba, ya ga fili a kusurwar wata gona, ya juye. Na bayansa suka ga inda na gaba ya juye, su ma suka juye. Gonar ta Sada ce, mijin ƙanwata Ruƙayyatu, kuma kusurwar da aka zaɓa ita ce daidai bakin ƙaramar hanyar da ruwa ke bi daga kanal ya shiga gonarsa. Ɗan kwangila ya dafa kafaɗar Sada ya ce gobe katafila za ta zo ta baje shi. Tun daga ranar ba mu sake ganinsa ba. An ce an gan shi a Makka. Allah ya karɓi ibada.

Da damina ba wanda ya damu, tunda ruwa daga sama yake zuwa, kuma har yanzu ba a ba da kwangilar sama ba. Ciyawa ta rufe burjin, tumfafiya ta fito a gefensa, jama'a suka raɗa masa suna Tudun Ɗan Kwangila. Idan baƙo ya tambayi hanyar gidan mai unguwa, sai a ce masa ya bar tudu a hannunsa na dama. Ka ga ke nan mun sami abin da garuruwa da yawa ba su da shi.

Tunda labarin ƙasa ba ya cika sai an faɗi yawan jama'a, bari in faɗa. Yawanmu ya danganta da wanda ya tambaya. Idan taki aka zo rabawa, muna da yawa sosai, har waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kan leƙo su karɓi buhu. Idan kuɗin raya ƙasa aka zo karɓa, sai ka iske garin duk tsofaffi ne da jarirai. Su ma manyanmu haka suke yi, sai dai a juye: idan za su karɓo mana kaso daga sama mu dubbai ne, idan za su raba mana mu 'yan tsiraru ne. Shi kuwa tudun, mazaunansa ba sa canzawa. Akwai ƙadangaru, akwai wasu 'yan zabi da ke zuwa shan hantsi, sannan akwai shugabarsu, wata jar akuya ta Ruƙayyatu, wadda kullum takan hau can ƙololuwa ta tsaya tana tuƙa tana kallon gonaki, kamar mai jiran a kawo mata rahoto.

Tattalin arzikinmu ma ba wuyar bayani. Da rani mukan noma tumatir duk lokaci ɗaya, ya nuna lokaci ɗaya, mu ɗauke shi a ka zuwa bakin titi saboda hanyar da za ta kai shi tana nan a tsibe, mu jera kwanduna muna kallon juna har dillali ya zo da la'asar ya saya a kuɗin kwandon. Akwai albasa, akwai shinkafa. Bana kuma an ce kowa ya noma alkama, don ƙasa ta daina cin burodin wasu. Sada mutum ne mai jin maganar rediyo. Ya shuka alkama a gonarsa kakaf, ita ce abincin gidansa na bana, ita ce kuma irin baɗi.

Da farko abin ya tafi daidai, albarkacin maƙwabcinsa na gona, Baba Dattijo, wanda ya bar shi yana ratso ruwa ta cikin albasarsa. Amma albasa in ta ƙosa sai an yanke mata ruwa kafin a cire, in ba haka ba ruɓewa take a rumbu. Da lokacin ya yi, Baba Dattijo ya je har gida ya ba Sada haƙuri, ya ce ya so a ce yana da wata dabara, amma ba zai jiƙa albasarsa ba. Sada bai ga laifinsa ba, ni ma ban gani ba. Sai dai a daidai lokacin ne alkamar ta yi ciki tana shirin fitar da kai, lokacin da in ta sha ƙishirwa sai dai a girbe kara.

Sada ya yi tunanin hayar injin ban ruwa ya tsallakar da ruwan ta gefen tudun. Inji kuwa da fetur yake aiki. Ya ɗauki jarka ya tafi Kura, ya wuni a layi, da ya kusa kai wa ga famfo aka sanar cewa an hana sayarwa a jarka. A tsallaken titi 'yan bumburutu sun jera nasu jarkunan cike fal, waɗanda nake zaton raɓa ce take cika su da asuba. Ya tambayi kuɗin galan, ya yi musu sallama, ya dawo da jarkarsa tana kaɗawa.

Daga nan ne Ruƙayyatu ta aiko a kira ni. Ta ce, "Yaya, kai da kake jin Turanci, ka raka maigidan nan ofis mana. Wataƙila in sun ga mai tabarau su saurara."

Na sa babbar rigata muka tafi. Aka yi ta miƙa mu daga tebur zuwa tebur har muka dire gaban Mai Girma Shugaban Kwamitin Tarbar Manyan Baƙi, Allah ya ƙara masa baƙi. Ya saurare mu da kyau, wannan kam ba zan zalunce shi ba. Sannan ya bayyana mana cewa burjin nan dukiyar gwamnati ce, wanda duk ya ɗebi ko cikin shebur ɗaya ya yi sata. Ban da haka ma, wani Babban Baƙo yana nan tafe don ganin yadda noman alkama ya bunƙasa, kuma kwamiti ya riga ya zaɓi tudun a matsayin inda zai tsaya.

Ya dube ni ya ce, "Malam, kai fa mai ilimi ne. A ƙasa irin wannan da ba ta da ko gangare, ina kake so babban mutum ya tsaya ya ga aiki? Ya hau darbejiya?"

Na ce ranka ya daɗe, tunda ƙasar ba ta da ko gangare, yaya aka yi na ji ana gwada jawabin maraba a ɗakin kusa ana cewa gunduma mai tuddai da kwaruruka? Ya ce jawabi ba ya daɗi da tudu ɗaya. Sada ya roƙa ko a bar shi ya yi ɗan rami ta ƙarƙashi ya zura bututu. Mai Girma ya ce sai bayan ziyara, kuma ziyara mako mai zuwa ce.

Makon ya zo, Babban Baƙo ya yi tafiya. Na gaba ya zo, aka ce mura yake yi, Allah ya ba shi lafiya. A tsakanin nan tudun ya ga gatan da ƙauyenmu bai taɓa gani ba. An sare masa tumfafiya, an yanka masa matakala, an jera duwatsu an shafe su da farar ƙasa. Ita jar akuya sai da aka sa mai gadi don ita, amma da ya juya baya take hayewa. Alkamar Sada kuwa tana gindin tudun tana komawa ruwan ɗorawa, ganye yana naɗewa, tana jin ƙarar ruwa a kanal ba ta ganinsa.

Ranar Talata aka yi gwaji. Ana neman wanda zai tsaya a matsayin Babban Baƙo, aka ga ina da tabarau da ɗan tumbi, aka zaɓe ni. Na hau a hankali yadda na ga suna yi a talabijin, na ɗaga hannu ga jama'a, na juya don in nuna gabas da sanda, sai burjin ya tuna cewa don hanya aka kawo shi, ya kama tafiya da ni. A kwance na isa ƙasa. Kwamiti ya zauna nan take ya yanke hukunci cewa tudun lafiyarsa ƙalau, malamin ne ba shi da nutsuwar manya. Duk da haka aka kafa igiyar dafawa.

Ranar Alhamis Babban Baƙo ya iso da gaske, motoci har bakin kanal. Ba zan faɗi sunansa ba, ina son albashina. Ya hau tudun lafiya lau, wanda ya tabbatar da hukuncin kwamiti. Aka karanta masa tuddai da kwaruruka, ya gyaɗa kai. Ya dubi gabas kore shar, ya dubi yamma kore shar. Sai ya sunkuyar da kai ya ga gona ɗaya a ƙarƙashin ƙafarsa ta yi jawur. Ya tambaya ta wane ne. Na ga Shugaban Kwamiti yana lalubar aljihu kamar mai neman ƙofar fita a ciki. Aka turo Sada gaba, hularsa a hannu.

Babban Baƙo ya ɗaga murya ya ce jama'a su yi koyi da wannan bawan Allah. Kowa alkamarsa ɗanya, shi tasa har ta nuna. Irin waɗannan manoma ƙasa take nema.

Sada ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba nuna ta yi ba."

Babban Baƙo ya ce, "Kun gani ko? Ga ƙwazo, ga rashin girman kai."

Makaɗa suka ɗauka, sauran maganar Sada ta bi iska. Aka miƙa masa takardar yabo ta gwarzon manomi, wadda da ma an zo da ita ba a rubuta suna ba, aka ɗauki hoto. Kafin motoci su tashi aka buɗe wani ɗan ginshiƙin siminti a ƙololuwar tudun, mai ɗauke da ranar da Babban Baƙo ya taka wurin. Washegari Sada ya koma ofis ya ce to an yi ziyara. Aka ce masa yanzu kuma tudun ya zama wurin tarihi.

Baba Dattijo ne ya ce an hana taɓa tudu, amma bai ji an hana zagaye shi ba. Aka kira gayya ranar Asabar, don a haƙa sabuwar hanyar ruwa ta bayan tudun. Ba inda za ta bi sai ta cikin gonar Sada, saboda haka sai da aka fara tuge layukan alkamar da ake son ceto. Mutanen gari sun fito da fartanya da shebur, har da waɗanda ba sa nan ranar kuɗin raya ƙasa. Ni na zauna a gindin wurin tarihi ina ba da shawara, aikin da jami'a ta fi koya mini. Kafin la'asar ruwa ya shiga gonar. Baba Dattijo ya bi kunya kunya yana murza kan alkamar, ya ce ta kusa da ruwa za ta farfaɗo in Allah ya so, ta can ƙarshe kuwa a bar wa dabbobi. Sada ya ce alhamdu lillahi, rabi ya fi babu.

Gayya ba a biyanta, amma ana ci. Kuma gayyar gwarzon manomi, wanda ya sha hannu da Babban Baƙo a gaban jama'a, ba a yin ta da tuwo da miyar kuka tsura, sai a yi da mutum a gari. Ga 'yan taya murna da suka yi ta sintiri tun ranar Alhamis, kowa yana son ganin takarda. An fito da tuwon shinkafa da miyar taushe, nama zuƙu-zuƙu. Na ci na ƙara, ina mamakin inda Sada ya samo shi, mutumin da galan ɗin fetur ya gagara.

Da jama'a suka watse na shiga cikin gida in yi wa Ruƙayyatu sannu da aiki. Tana tsugune tana kankare tukunya. Takardar yabon tana rataye a bango, ta rufe wata tsaga da aka daɗe ana cewa za a liƙe. A gefen rumbu na ga turke da igiya a kwance. Jar akuyar nan ita take kiwo don ta haifa mata, ta haɗa ta sayi keken ɗinki.

Na ce, "Ruƙayya, ina mutuniyar taki? Tana kan tudu ne?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Yaya, ai ka ci. Ko a ƙaro maka?"

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Shugaban Kwamiti, idan za a sake karanta jawabin nan ga baƙo na gaba, a bar tuddai da kwaruruka yadda suke, sun yi daɗi a kunne. Wajen yawan jama'a ne kawai ake buƙatar ɗan gyara. Mazauna tudu sun ragu da ɗaya.