Ƙaramin Kibod da Albasar Jiga Birni

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe huɗu da kwata na wata ranar Litinin ba, domin a lokacin ne na ɗauki waya bayan La'asar na rubuta wa Yayana kalma ɗaya: ƙaramin.

Ina shekarar ƙarshe a makaranta a Aliero, shayi ya zube a kan laftof ɗina, maɓallan rubutunsa suka mutu gaba ɗaya. Yaya, wanda ke aiki a Birnin Kebbi, ya ce zai saya min kibod na waje, irin mai ƙarfin nan da kowane maɓalli ke da ɗan injinsa a ƙarƙashi. Ya turo hotuna biyu. Ɗaya babba ne, da rukunin lambobinsa a gefen dama kamar na kalkuleta. Ɗayan ɗan ƙarami, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba. Ya ce in zaɓa.

Da wata ce, da ta duba ta zaɓa kafin shayinta ya huce. Ni kuwa na auna teburina da rula. Na auna jakata. Na kalli bidiyon wasu Turawa suna danna maɓalli kusa da makirufo, suna lumshe ido kamar masu sauraren karatu. Na karanta gardamar mutanen da ban san ƙasarsu ba. Mutum ɗaya ne ban tambaya ba, wato Sa'adatu, wadda gadonta ke kallon nawa, ajinmu ɗaya, kuma rukuninmu ɗaya a aikin kammala karatu. (Shekara guda muna ɗaki ɗaya, hirarmu ba ta wuce ina kwana da an kawo wuta ba. Ba faɗa muka yi ba. Ni ce in na shirya magana a raina, kafin ta iso baki an riga an canza zance.)

Dalilin zaɓina ba na ilimi ba ne. Babban zai leƙo daga jaka, mutane su gani, wani ya tambaye ni, sai in amsa. Ƙaramin kuwa zai shige jaka, jaka ta shige ƙarƙashin hijabi, in wuce ba wanda ya san na wuce. Haka nake son rayuwata tun ina firamare a Maiyama.

Yaya ya ba direba saƙon, na je tashar Jega ranar kasuwa na karɓa, na rungume kwalin a cikin Keke tsakanin buhun gero da wata tsohuwa mai kaji. Da na buɗe a ɗaki na danna harafin farko, sai da na waiwaya. Ƙas! Kamar an fasa gyaɗa a masallaci. Abin da na saya don in ɓuya ya fi kowa baki a hostal ɗin. Daga ranar sai Sa'adatu ta fita nake rubutu, in ta dawo in rufe shi da ɗankwali.

Aikin rukuninmu a kan ajiyar albasa ne. Mu huɗu muka je Jiga Birni, sauran ukun suna tambayar manoma buhu nawa suka girbe, nawa ya ruɓe a rumbu, ni ina baya riƙe da takardu ina gyaɗa kai. Da aka zo rabon aiki na ce ni zan shigar da alƙaluman duka a kwamfuta. Sun yi murna, ni ma na yi. Shi ne kaɗai abin da zan iya ba su ba tare da na buɗe baki ba, kuma su ukun nan su ne kaɗai a makarantar suke kiran sunana. Ban so su gane cewa ko ba ni aikin zai tafi.

Sai da na zauna na tuna abin da duk Turawan nan ba su faɗa min ba. Mai shigar da alƙaluma hannun dama yake ajiyewa a rukunin lambobi, yatsan hagu yana bin layin takarda, ido ba ya tashi. Nawa ba shi da rukunin lambobi. Ba shi da maɓallan kibiya ma, sai ka riƙe wani maɓalli mai suna Fn ka haɗa da wani harafi. Don haka in duba takarda, in duba kibod, in duba allo, in dawo takarda na ɓace layi. Na gama dai, ban gaya wa kowa yadda na sha ba.

Ranar gabatarwa aka haɗa laftof ɗina da majigi a gaban aji. Malamin da ke duba aikinmu, dattijo mai son raha, ya gyara tabarau ya daɗe yana kallon bango. Sannan ya tambaya ko za mu haɗa shi da wani manomi da ke can ƙasan jadawalin, domin bisa ga abin da muka rubuta, shi kaɗai ya noma albasar da za ta ishi Kebbi da Sakkwato har a kai wa Nijar sauran. Na ƙara masa sifili biyu.

Aka yi dariya kaɗan, irin wadda ake iya jurewa. Malam ya ce, "Ba komai, Malama. Sauka ƙasa ki gyara muna shi."

Na riƙe Fn. Harafin da ke sauka ƙasa, wanda na haddace kamar karatun allo, ya gudu daga kaina. Na danna na kusa da shi. Kibod ya kama da wuta, ja da kore da shuɗi suna bin juna kamar motar kai amarya. Ban ma san yana da fitila ba. Na danna wani don in kashe, fitilun suka ƙara sauri. Na ci gaba da dannawa, ƙas ƙas ƙas, ajin ya yi tsit ana sauraro, haruffa suna zuba a gidan jadawalin da adadin buhunan wani bawan Allah yake. Daga bayan aji wani ya tambaya ko a nan ake cajin waya. Malam ya cire tabarau yana share ido.

Sai Sa'adatu ta miƙo yatsa ɗaya ta shafa ɗan faifan nan na gaban laftof, wanda shayi bai taɓa ba, wanda nake amfani da shi kullum. Jadawalin ya sauka. Na manta da shi ne kawai, a gaban mutum sittin.

Malam ya ce mu sake bin alƙaluman duka kafin mako mai zuwa. Ban jira sauran ba. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado, kibod yana kan cinyata yana ta walƙiya don har lokacin ban san yadda ake kashe shi ba. Na tabbata za su karɓe takardun su ba wani, kuma ba zan ga laifinsu ba.

Sa'adatu ta shigo, ta cire takalmi, ta ɗauko garin kwaki tana jiƙawa. Na shirya jimlar ban haƙuri mai kyau a raina. Abin da ya fito daban ne, kuma ya makara da wata biyu. Na tambaye ta, da ita ce, babban za ta zaɓa ko ƙaramin.

Ta dube ni, cokali a baki. Ta sunkuya ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin gadonta, ta busa ƙurar da ke kai. Babban kibod ne, da lambobinsa reras a gefe.

"Tun aji biyu shina nan, ba mai taɓa shi," in ji ta. "Amma ke, wa yac ce miki mutum guda ka shigar da lamba? Ɗaya na karantawa, ɗaya na bugawa. Kashe wanga biki ki ɗauko takardun, garina na jiƙa."