Taron Manoma Ɗari Huɗu da Sha Biyu

A duk faɗin Minna babu wanda ya san sirrin talla kamar Malam Zikrullahi, kuma shi da kansa ne babban shaidar wannan magana. Yana aiki a wani kamfanin sayar da injinan ban-ruwa a Dutsen Kura, inda ake kiransa Farfesa Danna-Sau-Ɗaya. Shi kuwa ya ɗauki sunan a matsayin yabo.

Bara abokiyar aikinsa Rhoda ce ta shirya taron nuna injina. Mako uku ta yi tana bin gonakin Tagwai da kasuwar Paiko, tana karɓar lambobin wayar manoma. Bana mai kamfanin, Alhaji Ndayako, ya ce duk wanda ya cika masa fili shi ne manaja. Farfesa ya karɓi aikin.

"Rhoda ƙanwata," in ji shi, "yawo cikin rana aikin wanda bai yi karatu ba ne. Zo ki ga ilimi."

Ya buɗe shirinta na bara a kwamfuta, ya kwafe shi, ya canja kwanan wata, ya sa sunansa, ya aika gayyata.

To, kwamfuta aba ce mai biyayya. Ta kwafe duk abin da ke rubuce a guraben shirin, har da gurbin da Rhoda ta cike bara: "Waɗanda suka amsa: 412." Jerin mutanen da za a aika wa saƙon kuwa ajiye yake daban, kuma ba ya bin kwafi sai an umarce shi.

"Yallaɓai, ka duba jerin sunayen?" in ji Rhoda.

"Ɗari huɗu da sha biyu sun amsa cikin minti guda, ke kina maganar sunaye?"

Mai ƙaramin sani zai tsaya tambayar yadda amsa ta riga saƙo isowa. Farfesa ya wuce wannan matsayi.

Ranar taro aka kafa rumfuna, aka dafa shinkafa. Alhaji ya zauna a gaba. Farfesa ya gwada jawabinsa sau biyu a gaban kujerun da babu kowa a kansu. Da aka kira la'asar Alhaji ya sa aka buɗe jerin a gabansa. Babu suna ko ɗaya. Nan take ya miƙa wa Rhoda makullin ofishin manaja.

Har gobe Farfesa yana faɗa a majalisa cewa babu manomin da ya taɓa ƙin amsa gayyatarsa. Adalci ya tilasta mana mu gaskata shi.