Sallau da Mariƙin Babbar Lema

A Kwarin Tsamiya akwai wani gida a bayan kasuwa, mutum uku ne a cikinsa: Inna Kande, da babban ɗanta Garzali mai hoto, da ƙaninsa Sallau. Sallau ƙato ne, gemu ya cika masa fuska, yana iya ɗaga buhun gero da hannu ɗaya. Sai dai duk maganar da aka faɗa masa, yadda ta fito daga baki haka yake ɗaukarta. Ba ya ragi, ba ya ƙari. Shagon hoton kuwa tsohon soron gidan ne, mai duhu da sanyi ko da tsakar rana.

Wata rana Garzali ya dawo daga birni da wata lema ta hoto, baƙa daga waje, fara fat daga ciki, faɗinta ya kai na ƙofar zaure. A cikinta ake harba hasken filashi, wato fitilar hoto mai walƙiya, don ya sauka a fuskar mutum da taushi. Matsalar ita ce mariƙi, wato ɗan abin da ke haɗa lemar da filashin a kan sanda mai ƙafa uku. Nasu na roba ne. Da an ɗora lemar sai ta fara sunkuyar da kai a hankali, kamar tana gaida wani da ba a gani. Garzali ya gaji ya ce, "Sallau, yau kai ne mariƙi. Riƙe ta, kada ka motsa, kada ka yi magana." Ana cikin haka aka kira Garzali jana'iza, ya fita ya manta. Sallau ya tsaya a duhu, gumi na bin bayansa. Can wata mata ta leƙo da sallama. Ta ga baƙar lema mai ƙafafun mutum tana numfashi. Ta sake sallama, shiru. Sallau ya so ya amsa, amma mariƙi ba ya magana. Matar ta ruga a guje, ta bar takalmanta a bakin ƙofa, ba ta dawo ta ɗauka ba har yau.

Wata rana Garzali ya ce, "Wannan na robar ba zai yi ba. Ka zaga gari ka samo mana mai haƙora, mai ƙarfin wuya, wanda in ya kama abu ba ya saki." Yana nufin na ƙarfe, wanda gaɓarsa ke da haƙora masu shiga juna. Sallau ya bi ta wajen maƙera bai ga haƙori ba. Ya wuce har bayan mahauta, inda ake zubar da ƙasusuwa, ya tsinci ƙwarangwal ɗin kan raƙumi, haƙoransa a jere, rawaya. Ya yi murna ƙwarai. Ya kawo ya ɗaure a kan sandar, ya cusa sandar lemar tsakanin haƙoran, ya tura filashin cikin ƙoƙon kan. Garzali ya shigo daga rana, idonsa bai gama sabawa da duhu ba, ya zaunar da wani tela da zai yi hoton katin shaida, ya danna kyamara. Haske ya fito ta ramukan idon raƙumin. Telan ya yi salati ya bi ta taga. Garzali kansa sai da ya zauna a ƙasa.

"Mene ne wannan, Sallau?"

"Bai saki ba, Yaya. Duba ka gani."

Wata rana Inna Kande ta sa baki, ta ce a tura shi birni wurin masu sayar da kayan hoto, ko ya koyi wani abu. Garzali ya raka shi tasha yana ja masa kunne: "Kada ka bi daɗin bakin mai kaya. Kowanne aka nuna maka, ka tambayi nauyin da yake ɗauka." Mai kayan ya jera masa su a kan tebur: na roba mai riƙe filashi ta ƙafa, da wani ƙarami mai sheƙi, da wani baƙi na ƙarfe mai zobe wanda ke rungume filashin ta wuya, lemar kuma ta zauna a kan zoben. Ya fara yabon mai sheƙin. Sallau ya ɗaga masa hannu ya ce ya yi shiru. Ya sunkuya ya kai bakinsa kusa da na robar, ya raɗa masa, "Wane nauyi kake ɗauka?" Ya kara kunne. Masu ciniki suka fara ja da baya zuwa ƙofa. Ya tambayi mai sheƙin, shi ma bai ce komai ba. Da ya ɗauki baƙin, hannunsa ya murɗa gaɓar, haƙoran suka ce ƙas, ƙas, ƙas. Sallau ya gyaɗa kai, ya ce, "To, na ji." Mai kayan ya naɗe masa shi, ya kuma aika wa Garzali saƙo cewa don Allah kada ya sake turo mai magana da ƙarafa.

Wata rana, cikin damina, bayan an kwana biyu ana sheƙa ruwa, aka kawo Goggo Tasalla. Tsohuwa ce tukuf, ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Ranar ita da kanta ta ce a kawo ta, ta sha ado da tsohon zanenta na saƙi.

"Ina so jikokina su sami abin kallo in ba na nan," in ji ta. "Ku yi sauri, jikina yana gaya mini wani abu."

Garzali ya ɗaura sabon mariƙin, ya ɗaga lemar can sama, ya karkato ta a kan kujerar da Goggo ke zaune. Sai ya ga batirin kyamara ya mutu. Zai shiga gida ya ɗauko wani, ya juyo ya ce, "Sallau, ban gama yarda da ƙarfen nan ba. In ka ji ƙara daga sama, ko yaya take, ka kwashe duk abin da ke ƙasa ka fitar waje." Tunanin Garzali yana kan madubi da tukunyar furen roba da ke ƙarƙashin lemar.

Ya fita da kyamarar rataye a wuyansa. Soron ya yi shiru, sai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Goggo ta ƙura wa lemar ido, leɓɓanta na motsi. Sallau ya kasa kunne. Sai ya ji ta: wata siririyar ƙara, kamar an taka busasshen kara, daga sama. Bai tsaya duba ko lemar ce ko ba ita ba. Ya fitar da madubi. Ya fitar da fure. Ya dawo ya sungumi Goggo da kujerarta gaba ɗaya.

"Kai, ɗan nan! Sauke ni! Jama'a, ku zo!"

Garzali ya fito a guje, ya tarar da tsohuwa a sama tana dukan kan ƙaninsa da mafici, maƙwabta sun fara taruwa. Kunya ta kama shi. Ya daka masa tsawa, ya nufi ƙofar soron don ya ga abin da ya faru. Sallau ya ajiye kujerar, ya cafko shi ta ƙugu.

"In ka shiga, Yaya, kai ma kana ƙasa. Sai na kwashe ka."

Garzali na cikin fizge-fizge azarar tsakiya ta karye. Rufin soron ya zauna gaba ɗaya, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafafunsu. Can cikin ɓaraguzan, inda ba kowa, filashin ya haska sau ɗaya, fari fat, ya mutu.

Garzali ya durƙushe a cikin taɓo. Sallau ya dube shi, ya dubi inda soron yake a da, ya sosa gemu.

"Yaya, ƙarar ta daina. In mayar da Goggo?"

Goggo Tasalla ta damƙe hannun rigarsa da hannu biyu.

"Bar ni a nan kusa da kai, ɗana," in ji ta. "A ɗauke mu hoto tare, a rana."